Tafiyata Kurmi Neman Yaya Sani

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya shimfiɗa ƙasa, ya zuba ruwa inda ya so, ya bar yashi inda ya so.

Zuwa ga ɗiyata Ummi. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga ɗiyarsa, kuma gaisuwar ɗa ga uwarsa, tunda sunan Inna kike ɗauke da shi. Allah ya sa ki buɗe wannan takarda cikin lafiya, ko a mota ko a masauki. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya haɗa ki da abokan tafiya masu tsoronsa.

Ranar da kika zo mana da labarin an ɗauke ki aiki tare da masu kula da giwaye can ƙasashen kurmi, kin ga na hau babur na tafi lambu a Jiratawa. Na san kin ɗauka fushi na yi. Ba fushi ba ne. Na zauna ne bakin kwalbatin ruwa cikin zogale, abubuwan da na gani tun kafin in auri mamarki suna ta dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Kin san na taɓa zuwa kurmi, amma guntu-guntu kika ji labarin, galibi wuraren ban dariyar. Ke kin karanci daji a jami'a, kin san sunayen itatuwa da ni ban sani ba. Abin da nake da shi kawai shi ne wautar da na tafka a can, da yadda Allah ya fisshe ni. To ga ta, ki ɗauka ki yi guzuri.

Yayana Sani ya tafi kurmi fataucin kanwa da turare tun ina saurayi. Da farko saƙo na zuwa ta hannun fatake, daga baya ya ɗauke cak. Damina ta bi damina. Wata safiya a gidanmu na Sabon Gari, nan Maradi, Inna tana tankaɗe, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Ilu, na gaji da jin an ce an ce. Ka tafi ka gano mini shi da idonka. In rayayye ne in sani, in kabari ne in sani." Ta ɗaure masa ƙunshi a cikin tsohon zanenta: garin gero, daddawa, kuka, yaji, da kilishi.

Allah ya haɗa ni da Ayuba na Tibiri, wanda kike ce wa Baba Ayuba. Lokacin yana matashin makaniki, an kira shi gyaran injuna a wani kamfanin katako da ke kan kogin da aka ce an ga Yaya Sani na ƙarshe. Shi Kirista, ni Musulmi, akushi ɗaya muka riƙa ci a hanya. Muka bi kamiyo, babbar motar kaya, muka keta ƙasashe, ƙasa tana sauya launi daga fari zuwa ja, itatuwa suna ƙara tsawo suna matsowa kusa da juna, har ranar da hanya ta ƙare a bakin ruwa.

Ummi, ni da na girma ina ganin Gulbin Maradi ya kawo a tsakiyar damina, mutane na tsayawa kan gada suna salati, na ɗauka na san ruwa. Da na tsaya gaban wannan kogi sai na gane ban san shi ba. Faɗinsa ya kai daga unguwarmu Zariya ka hangi wata unguwa, launinsa kamar shayin da ba a sa madara ba, kuma ba ya ƙara ko kaɗan. Tafiya kawai yake, a hankali, kamar wanda ya san babu mai tare shi. Hagu da dama daji ne a tsaye kamar katanga, kore har sama. Na tambayi mutanen wurin wane wata yake ƙafewa. Da aka fassara musu tambayata, dariya suka yi har da riƙe ciki.

Mai kwalekwalen da ya ɗauke mu dattijo ne gajere mai faɗin ƙirji. Sunansa ya gagari harshenmu, muka riƙa ce masa Kafiten, shi ma ya karɓa. Da faransancin kasuwa muke fahimtar juna. Kafin mu tashi ya nuna mini tsakiyar jirgin ya ce, "Zauna nan. Kome ka gani, a zaune za ka gan shi." Ya ce in ɗaure kayana da igiya a jikin katakon. Na ɗaure jakata, amma ƙunshin Inna na rungume shi a cinya, don ina ganin hannuna ya fi igiya amana.

Da hantsi muka sha wata kwana, sai sama ta cika da kuka. Aku ne, irin wanda ake sayarwa ɗaya tak a keji a kasuwar Maradi ana taruwa kallo. Nan kuwa garke ne guda, toka-toka masu jan wutsiya, suna ketare kogin har inuwarsu na gudu a kan ruwa. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ina nunawa ina kiran Ayuba ba. Kwalekwale ya karkata, ruwa ya kwararo ciki, Kafiten ya daka tsawa ya jefa nauyinsa ɗaya gefen. Ayuba ya fizgo rigata na faɗo zaune. Jirgi bai kife ba, amma ƙunshin Inna ya tafi. Na ga zanen yana juyawa a kan ruwa, sannan ya nutse.

Don haka, ɗiyata, mamaki ba laifi ba ne, amma ki yi shi a zaune. Abin da kika fi so shi za ki fara ɗaurewa. In sun ba ki rigar nan mai hana nutsewa, ki sa ta ko da kowa ya cire tasa, ko da zafi ya dame ki. Mu mutanen tudu ne, ba a haife mu da iyo ba, kuma ruwa bai san jami'a ba. In akwai mace cikin abokan aikinki da ta iya iyo, ki roƙe ta ta koya miki a wuri marar zurfi, kada kunya ta hana ki.

Mukan sauka tun rana da sauran haske, domin a kurmi duhu ba ya sallama. Wata yamma muka tsaya a wani tudun yashi. Kafiten ya nuna mana inda za mu shimfiɗa, can sama kusa da inda ya hura wuta, yashin da tsakuwa da tururuwa. Ni kuwa na hango wata hanya mai santsi da ta fito daga ruwa ta shige ciyawa, a share tas, kamar an yi mata shara da tsintsiya. Na ce a raina wannan ai shimfiɗar sarki ce. Bayan sun kwanta na ja tabarmata da sangena na sauro can, ban tambayi kowa ba.

Gari ya fara wayewa, farin tururi na tashi daga kogin, na tsuguna da buta zan yi alwala. Sai na ji ƙasa tana amsawa a tafin ƙafata. Na ɗaga kai. Dorina ce ta fito daga ciyawa, ta dawo daga kiwo za ta ruwa, ni kuma ina tsakiyar hanyarta. Ban taɓa sanin Allah ya halicci nama mai yawa haka a jiki ɗaya ba. Faɗinta ya cika hanyar, raɓa na sheƙi a bayanta, ɗanyar ciyawa na rataye a gefen bakinta. Bayanta ga ɗanta, kamar babban tulu mai ƙafafu. Ta tsaya. Ta buɗe baki, na ga haƙora kamar turaku.

Muryar Ayuba na ji daga sama, a hankali, kamar mai lallashin yaro. "Ilu, kada ka yi wajen ruwa. Gefe. Faɗa gefe, yanzu."

Na wurga kaina cikin sarƙaƙiya. Ta wuce da gudun da ban zaci mai wannan jiki zai iya ba, ta bi ta kan tabarmata, ta mai da butata faifai. Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne shigarta ruwa. Duk wannan girma, ta sulale kamar an zuba mai, kogin ya rufe a kanta. Can sai ga kunnuwa biyu ƙanana sun fito suna kaɗawa, ɗan ya hau bayanta ya kwanta. Rana ta faso ta cikin tururin, kome ya zama ruwan zinariya. Ina kwance cikin ƙaya, bakina na ta tasbihi, ban san wanne ya fi ƙarfi ba, tsoron ko mamakin.

Kafiten ya zo ya dubi tabarmar, ya dube ni, ya ce, "A daji, duk hanyar da ka ga an share, da mai ita."

Ki riƙe wannan magana. Kada ki kafa tanti a kan turba, kome kyanta. Kada ki shiga tsakanin dabba da ruwa, kada ki shiga tsakanin uwa da ɗanta. Wurin da masu wuri suka nuna miki, nan za ki kwanta ko da tsakuwa ce. Abinci kuma ki rataye shi nesa da makwancinki. Wannan Ayuba ne ya koya mana da jikinsa, ranar da ya yi matashin kai da bandar kifi, kwarkwasa suka zo masa gayya. Ki tambaye shi, har yau in ya ba da labarin sai ya sosa wuya.

Ƙayar nan ta yage ni a ƙwauri, yagar da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. A Maradi irin wannan ko kallo ba ta isa ba, iska da rana su busar da ita kafin la'asar. Na rufe da wando na yi shiru, don na riga na jawo abin magana har sau biyu, ba na son na uku. Ashe a kurmi ciwo ba ya bushewa. Kome a jiƙe yake, tufa ba ta bushewa, gishiri na narkewa a cikin leda. Ƙafa ta kumbura, ta yi zafi, zazzaɓi ya rufe ni, ina ta cewa gajiya ce. Ayuba ya lura ina jan ƙafa wajen fita daga jirgi. Bai tambaye ni ba, ya durƙusa ya naɗe wandon da kansa.

"Haba Ilu! Tun yaushe?"

"Tun dorina."

"Kai da Inna ta aiko neman mutum ɗaya, so kake a aiko neman biyu?"

Ya tafasa ruwa da gishiri, ya sa wuƙarsa a wuta, Kafiten ya danne ni. Ba zan faɗa miki ihun da na yi ba. Daga nan Ayuba ya goye ni a bayansa ya hau da ni gangaren wani ƙauyen masunta, ya zauna jinyata alhali ana jiransa wurin aiki, yana iya rasa aikin. In lokacin salla ya yi shi yake kawo mini ruwa, ya juya ni inda muke zaton gabas ce. Tabon da kike tambayata kina ƙarama, kina sa yatsa a ciki, asalinsa ke nan.

Ɗiyata, ƙaramin ciwo ki faɗe shi tun yana ƙarami. Ƙurji, cizon ƙwaro, ciwon kai da yamma, ki gaya wa mai kula da lafiyarku ran da ya fara. Na san halinki, irin nawa ne, ba ki son a ce kin gaza, balle ke mace cikin maza. Amma mai ɓoye ciwo a daji ba kansa kaɗai yake cuta ba, har da wanda zai goye shi. Ruwa kuma ki tafasa ko da ya fi hawaye haske. Sangenki kada ki kwana babu shi. Abokin tafiya nagari kuwa, in Allah ya ba ki, kada ki tsaya duba inda yake fuskanta in zai yi addu'a.

Yanzu zan gaya miki abin da ya sa na kasa ce miki kada ki tafi.

Da ƙafa ta fara ɗaukata, wata rana bayan azahar na ce bari in ɗan taka bayan ƙauyen in motsa jini. Ban gaya wa kowa ba, don a ganina ba nisa zan yi ba. Na bi wata 'yar turba na shiga cikin itatuwa. Ummi, kamar na shiga wani babban masallaci ne da ba a gama gininsa ba tun farkon duniya. Itatuwa sun miƙe sun fi hasumiya, babu reshe sai can ƙoli. Saiwoyinsu sun fito kamar bangaye, mutum zai iya shimfiɗa tabarma tsakanin biyu ya yi ɗaki. Rana tsaka ce amma haske kore ne, mai sanyi, yana saukowa zare-zare. Malam-buɗe-littafi shuɗi mai faɗin tafin hannuna ya wuce ta gabana, na bi shi da ido, na bi shi da ƙafa. Da na waiwaya, babu turba.

A ƙasarmu mutum ba ya ɓata haka. Ka hau tudu ka hango gawo, ka dubi rana ka san gabas. Can babu rana, babu tudu, kowace bishiya 'yar'uwar ɗaya ce. Na yi abin da bai kamata ba, na ƙara sauri. Na ce nan ne, na ce a'a can ne, har ciwon ya fara tsatsa, na tabbata nisa nake ƙarawa. Na yi kira, dajin ya haɗiye muryata. Can na hango haske a gaba kamar an buɗe ƙofa, na ɗauka kogi ne, na nufe shi da ɗingishi.

Ba kogi ba ne. Wani fili ne a tsakiyar kurmin, mai faɗi kamar filin idi, da ɗan ruwa na ratsa shi. Kuma cike yake da giwaye.

Na zauna a tsakanin saiwoyin wata bishiya. Ban ƙirga su ba, hankalin ƙirga bai zo mini ba. Wasu sun zura hanci cikin laka har ido, suna hura ruwa yana tafasa, suna tsotso wani abu daga ƙasa. Daga baya na ji wani gishiri ne kamar kanwa, shi ke tara su, yadda muke ba shanu. Wasu sun shafe jikinsu da laka, wannan ja, wancan rawaya, kamar an yi musu kwalliyar biki. Wani jariri bai iya sarrafa hancinsa ba, yana taka shi yana faɗuwa, uwar ta sa ƙafa ta tashe shi a hankali. Jajayen ɓauna na kwance gefe suna tuƙa, fararen tsuntsaye a bayansu. Can ƙarshen filin wani goggon biri mai furfura a baya yana zaune yana tsinkar ciyawa, yana wanke saiwar a ruwa kafin ya ci, kamar dattijo a bakin lambunsa. Akwai kuma wata ƙara da giwayen ke yi, ba da kunne ake jin ta ba, a ƙirji take sauka, kamar tsawar da ke nesa.

Abin da ya kama ni shi ne babu wanda ya shirya wannan don a gani. Haka suke yi tun kafin a kafa Maradi, haka suke yi ranar da aka haife ni, babu mai kallo sai wanda ya halicce su. Na ji na zama ƙanƙani, kuma ƙanƙantar ta yi mini daɗi. Hawaye ya zubo mini, ni da ban yi kuka ba ranar da aka tsaga ƙafata sai ihu.

Sai wata tsohuwar giwa mai karyayyen haure ta bar laka ta nufo inda nake. Ta zo kusa har ina ganin gashin idonta. Ta ɗaga hanci sama tana juya shi, tana neman wari. Duk jikina cewa yake tashi ka gudu. Allah ya sa ƙafar ba za ta iya ba, kuma iska daga wajenta take busowa zuwa gare ni. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta sauke hancin, ta karya wani reshe, ta juya tana ci. La'asar ta same ni a nan, na yi ta a zaune, da ido, ban san ina ne alƙibla ba, kuma ban taɓa yin sallar da na ji kusanci irin wannan ba.

Rana ta yi sanyi na ji ana dukan saiwar bishiya daga nesa, dum, dum, kamar ganga. Na ɗauki itace na doki tawa a hankali. Ba a jima ba sai ga Kafiten da wani maharbi daga mutanen cikin dajin, ɗan gajere marar takalmi. Shi ya biyo sawuna ta ganyen da na taka. Ya sa yatsa a baki, ya kama hannuna, muka ja da baya ba tare da mun juya wa filin baya ba. Da muka isa ƙauye na tarar Ayuba ya fita hayyacinsa. Ya rungume ni, sannan ya ture ni ya ce, "Wallahi in ka sake, da igiya zan ɗaure ka kamar akuya."

Na ga abin da na gani, amma rabo ne ya fisshe ni, ba dabara ba, kuma ba a gina tafiya a kan rabo. Kada ki taka ko bayan tanti ba ki gaya wa wani ba. In kin ɓata, ki zauna inda kike, ki riƙa dukan itace, masu nema sun fi samun wanda ya tsaya. Ki san inda iska ke fitowa kafin ki matsa kusa da dabba. Kada ki gudu sai wanda ya san dajin ya ce gudu. Mutanen cikin dajin nan kuma, za ki ji wasu na raina su. Kada bakinki ya shiga. Ki gaishe su da sunansu, ki ci abin da ya halatta tare da su, ki bi bayansu in suna gaba. Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu.

Muka ci gaba da hawan kogin. Ayuba ya sauka a kamfaninsa, Allah ya sa ba su ba wani aikin ba. Ni da Kafiten muka wuce, muna tambaya ƙauye-ƙauye, har aka nuna mana wani gari a kan gaɓa mai tsawo. Tun daga ruwa na hango wata rumfar ganye da aka kewaye da duwatsu, da butoci a bakinta. Wani siriri mai gemu yana gyaran taru a gindin bishiya. Na yi sallama. Taru ya faɗi daga hannunsa.

"Wa nake ji kamar Ilu?"

Ya rame, ya yi furfura tun ba lokaci ba, amma shi ne. Ya yi aure a can, da 'ya'ya, shi ne limamin 'yan Musulmin garin da ba su cika sahu ɗaya ba. Na ce masa Inna ta ba ni ƙunshi, kogi ya karɓe. Ya ce in faɗa masa abin da ke ciki. Ina lissafawa yana lumshe ido, da na zo kan daddawa sai ya rufe fuska da hannu.

Na tambaye shi dalilin shirun. Ya ce, "Na yi ciwo na daɗe. Da na tashi na ce sai na murmure in aika. Da na murmure na ce sai na sami abin aikawa. Shekara ta wuce, kunya ta kama ni, kowace shekara kuma kunyar ƙaruwa take. Sannan, Ilu, ka dai ga wurin nan da idonka. Yana riƙe mutum."

Da ban zauna a bakin filin giwaye ba, da na ce masa zancen banza ne. Amma na gani, sai na kasa. Na ce masa kawai, "Yaya, Inna tana tankaɗe tana kallon ƙofa." Bai biyo ni ba a lokacin. Da rani ya zagayo sai ga shi a Sabon Gari da matarsa da babban ɗansa. Inna ta shafa fuskarsa, ta yi masa faɗa, ta dama masa fura da hannunta. Ya yi wata biyu ya koma. Ba su sake ganawa ba, amma ta rasu ta san inda ɗanta yake.

Wannan wauta ta shiru ita ce ta ƙarshe, kuma ta fi dorina haɗari. Wurin zai shiga ranki, na sani, don jinina ne a jikinki. Ban hana ba. Amma kada ki bar shiru ya yi tsawo har ya zama kunya. Ku yanzu kuna da salula. In za ki shiga inda babu rezo, inda waya ba ta kamawa, ki gaya wa mamarki tun kafin ki shiga, ki faɗa mata lokacin da za ta sa rai. In kin fito, ita za ki fara kira, ko ba ki da labari sai na cewa kin ci abinci. Kada ki jira sai kin yi abin a zo a gani.

Saura roƙo ɗaya. Yaya Sani ya rasu a can kina goye, saƙo ya iso mana bayan an daɗe da rufe shi. An ce kabarinsa na kan gaɓar nan, bayan rumfar sallarsa, yana kallon ruwa. Har yau babu wani daga gidanmu da ya taɓa tsayawa a kansa. Na sha yin niyya, lambu da iyali da ƙafa suka riƙe ni, yanzu kuma na san ba zan sake ganin kogin nan ba. Na rubuta miki sunan garin da sunayen 'ya'yansa a bayan takardar nan. In kin sami hutu, kuma masu wuri sun ce hanya lafiya, ki je. 'Yan'uwanki ne, za su san ki da goshi. In an ce mace ba ta matsawa kusa da kabari, ki tsaya daga bakin ruwa, ya isa. Ki yi masa addu'a da Hausa, ya daɗe bai ji ta daga bakin ɗan gida ba. Ki ce Ilu bai manta ba.

Allah ya kai ki lafiya, ya sauke ki lafiya. Allah ya tsare ki daga sharrin ruwa da na tudu, da abin da ke tafiya da ƙafa da mai jan ciki, da zazzaɓi, da mugun mutum wanda ya fi su duka. Allah ya buɗe idonki ki ga ikonsa, ya ba ki natsuwar kallo. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini. Allah ya maido mana da ke muna raye, ki zauna a tsakar gida ki ba mu labari har fura ta ƙare.

Naki har kullum,
Babanki Ilu, Zariya, Maradi.